Yadda Ake Ƙulla Kwangilar Tallafin Fasaha da Kamfanin da Ya Ƙera Jirgin Ƙasan Filin Jirgin Sama

Wanda ya taɓa bi ta sabon filin jirgin saman Jidda lokacin Umara, ko ya yada zango a Dubai, ya san ɗan jirgin ƙasan nan da ke kwasar fasinja daga wannan gini zuwa wancan. Babu direba a cikinsa. Yawancinsu tayoyin roba gare su, suna gudu a kan hanyar kankare, kwamfuta ke tuƙa su, masu sa musu ido kuma suna can wani ɗaki gaban alluna. Tafiyar 'yan mintoci ce, fasinja ma ba ya tuna ya hau. Sai ranar da ya tsaya. Ranar ce za ka ga tasha ta cika maƙil, masu keken guragu da masu goyo sun rasa inda za su sa ƙafa, jiragen sama na can suna jiran mutanen da suka maƙale a ƙasa.

Ni ta ɓangaren masu filin jirgi na yi aikina, wato ɓangaren da ke biyan kuɗi. Na zauna a kan irin wannan kwangila sau da dama, wasu sababbi, wasu na sabuntawa, kuma yawancin kura-kuran da zan ambata ni na fara tafka su. Idan an ɗora maka aikin nan karon farko, ka san da wa za ka zauna: kamfanin da ya ƙera jirgin shi kaɗai ke da zanensa, da manhajarsa, da wasu kayan gyaransa. Ba ka da wani wurin zuwa, kuma shi ma ya sani. Duk abin da ba ka sa aka rubuta ba yau, gobe da tsada za ka saye shi.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka nemi zama da kamfani

Takardu ne kayan aikinka. Tara waɗannan a wuri guda:

- Kwangilar sayen jirgin ta asali da takardun garanti. A ciki za ka ga abin da an riga an biya, don kada a sake sayar maka da shi.
- Littattafan gyara da zane-zanen waya, tare da lambar bugun kowanne.
- Jerin duk abin da ke cikin tsarin: taragai, ƙofofin tasha, na'urorin sigina, wuraren sauya hanya, na'urorin wuta, rediyo, kyamarori. Kowanne da lambarsa da shekarar da aka kafa shi.
- Rajistar matsaloli ta aƙalla shekara biyu da suka wuce.
- Lissafin abin da ke sito, wanda ka ƙirga da idonka, ba wanda kwamfuta ta ce akwai ba.
- Jadawalin tashi da saukar jirage, don ka san awannin cunkoso.
- Kwafin ƙa'idar ASCE 21, wadda ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka ta fitar kan irin waɗannan jirage marasa direba. Filayen jirgi da yawa, har na wajen Amurka, da ita suke kafa hujja.

Sai mutane. Kana buƙatar injiniyan gyara, shugaban ɗakin sarrafawa, mai kula da sito, lauya da akanta. Kada ka manta da tsohon makanikin da ya fi kowa daɗewa yana aikin dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zai gaya maka taragon da ƙofarsa ke gardama duk lokacin zafi, abin da babu shi a kowane rahoto.

Idan babu rajistar matsaloli mai kyau, kada ka ƙirƙiro. Ɗauko littafin ɗakin sarrafawa da takardun fitar da kaya daga sito, ka haɗa su. Duk ranar da aka fitar da injin ƙofa, ka san ƙofa ta lalace a makon. Idan wannan ma babu, ka nemi kwangilar wucin gadi ta shekara guda, ka yi amfani da shekarar wajen tara bayanai kafin ka ɗaure kanka da doguwa.

1. Gano wanda ke da haƙƙin jirgin a yau

Sunan da ke jikin tarago ba lallai ne shi ne kamfanin da za ka yi magana da shi ba. Jirgin farko na irin wannan a filin jirgin sama an buɗe shi ne a Tampa da ke Amurka a 1971, kamfanin Westinghouse ya ƙera. Sashen kamfanin da ke ƙera waɗannan jirage ya yi ta canza hannu, ya zama na Adtranz, Bombardier ta saye shi a 2001, sannan Alstom ta haɗiye sashen jiragen ƙasa na Bombardier a Janairun 2021. Wato wanda ke da jirgin da aka saya a hannun kowane ɗaya daga cikinsu, yau da Alstom zai zauna. Akwai kuma Mitsubishi Heavy Industries masu samfurin Crystal Mover, da Siemens masu samfurin VAL, da Doppelmayr waɗanda nasu igiyar ƙarfe ke ja, irin na Birmingham da Toronto. A Dubai ma iri biyu ne a fili guda, ɗaya na Mitsubishi, ɗaya ƙirar Bombardier, kuma kayan wannan ba sa shiga wancan.

Ka rubuta wa kamfanin ya tabbatar maka a takarda cewa shi ke riƙe da zane da manhajar samfurinka. Sannan ka nemi jerin ƙananan kamfanonin da suka yi masa birki, na'urar sanyaya iska, ƙofofi da batir. Wasu daga cikin waɗannan za ka iya saye kai tsaye, kuma sanin haka kaɗai yana sassauta farashi.

2. Zaɓi irin kwangilar da ta dace da ƙarfinka

Iri biyu ne manya. Ko dai ka miƙa wa kamfani komai, shi ya gudanar, shi ya gyara da ma'aikatansa, kai kana sa ido kana biya. Ko kuma ma'aikatanka su yi gyaran yau da kullum, kamfani ya tsaya maka da shawarar injiniyoyi, kayan gyara, manhaja da horarwa. Na biyun shi ake kira tallafin fasaha, kuma shi na fi so, amma da sharaɗi: sai kana da makanikai da masu aikin lantarki da za su iya riƙe aikin dare da rana ba tare da jiran kowa ba. Idan ba ka da su, kada girman kai ya kai ka. Fara da na farkon, ka sa a ciki cewa yaranka za su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da nasu, bayan 'yan shekaru ka koma na biyun.

3. Ja layi: wannan nawa, wannan naku

A nan na fi ɓata lokaci, kuma a nan nake so kai ma ka ɓata.

Wani dare jirginmu ya ƙi tashi daga tasha. Allo na nuna cewa ɗaya daga cikin ƙofofin gilashi na tasha ba ta kulle ba, alhali ga ta nan a rufe ruf. Tsarin an gina shi ne ta yadda muddin bai samu tabbacin kowace ƙofa ta kulle ba, jirgi ba zai motsa ba, kuma haka ya dace. Muka kira masu jirgi, suka duba suka ce nasu lafiya lau. Muka kira masu ƙofofi, waɗanda kwangilarsu daban ce, su ma suka ce nasu lafiya lau. Muna tsaye cirko-cirko, sai wani yaron aikina ya haska tocila kan wani ɗan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin dandamali ya ce, "Oga, wannan akwatin na waye?" Babu wanda ya amsa. Aka buɗe, sai ga waya guda ta kwance daga mazauninta. A akwatin ne wayar masu ƙofa ke haɗuwa da ta masu sigina, kuma babu kwangilar da ta ambace shi, saboda haka shekara da shekaru babu wanda ya taɓa ɗaure masa noti.

Tun daga ranar nake yin tebur. Kowane layi abu guda, gabansa kuma amsar tambaya huɗu: wa ke dubawa, wa ke gyarawa, wa ke kawo kaya, wa ke biya. Inda abu biyu suka haɗu, ka rubuta ainihin wurin da iyakar take, har lambar akwati da lambar mahaɗin waya. Wuraren da aka fi samun rigima su ne ƙofofin tasha, inda wutar filin jirgi ke shiga ta jirgin, kankaren hanya da ƙarfen da ke saita tayoyi, rediyo, lasifikar sanarwa, da na'urar kashe gobara a cikin rami. Ka ƙara sakin layi guda da ke cewa idan an rasa gane ta wane ɓangare matsala ta fito, kamfanin jirgi shi zai jagoranci bincike har a gano, a yi maganar kuɗi daga baya. Za su yi gardama a kai. Ka dage.

4. Yarda a kan ma'aunin aiki

Ma'aunin da kowa ke amfani da shi shi ne kaso nawa cikin ɗari na lokacin aiki jirgin ya kasance a shirye yana ɗaukar mutane. Za ka ji ana ambaton kashi 99.5. Kada lambar ta ruɗe ka, ka mayar da ita awanni. Idan jirginka na aiki awa 24, a wata mai kwana 30 awa 720 ke nan. Kashi 99.5 na nufin an yafe awa 3 da minti 36. Kashi 99 kuwa awa 7 da minti 12. Yanzu tambayi kanka: idan awa ukun nan suka faɗo gaba ɗaya a lokacin da manyan jirage suka sauka a jere, filin zai ɗauka? A takarda kamfani ya cika alkawari, kai kuwa kana gaban shugabanni kana share gumi.

Saboda haka ka nemi abu uku. A ba mintocin lokacin cunkoso nauyi fiye da na tsakar dare. A sa iyaka ga yawan tsayawa a wata, ba jimillar lokaci kaɗai ba, domin tsayawa goma ta minti biyar-biyar ta fi ɓata wa fasinja rai. Sannan a fayyace yadda za a lissafa rabin aiki, kamar idan layi ɗaya ke tafiya cikin biyu, ko an rage tarago.

Kuskuren da sababbi ke yi shi ne barin jerin uzurori a buɗe. Gaskiya ne ba laifin kamfani ba ne idan fasinja ya tokare ƙofa da akwati, ko wutar filin ta ɗauke, ko jami'an tsaro suka ce a tsaya. Amma a lissafo su ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka yarda da kalmar "da sauransu" a ƙarshe. Ta wannan 'yar kalma duk tsayawar wata za ta zurare. Ka kuma rubuta cewa agogon da za a yi hukunci da shi shi ne na kwamfutar ɗakin sarrafawa, kuma kai ma kana da ikon ciro bayanan da kanka.

5. Kira da amsawa

Raba matsaloli hawa uku: jirgi ya tsaya cak ko akwai haɗari ga rai, jirgi na tafiya amma da nakasu, sai tambayar da za ta iya jira. Kowane hawa ka sa masa lokacinsa. Abin lura shi ne "amsawa" kala-kala ce. Saƙon da ke cewa an karɓi ƙorafinka amsa ce a wurin lauyansu. Ka rubuta cewa amsa na nufin injiniyan da ya san samfurinka ya kira ɗakin sarrafawa da bakinsa. Bayan wannan sai lokacin fara bincike daga nesa, sai lokacin isowa da ƙafa.

Isowa da ƙafa tana da ƙaya. Injiniyan na iya kasancewa a wata nahiya, yana buƙatar biza, kuma ko ya sauka ba zai shiga inda jirgin yake ba sai da katin izinin shiga filin, wanda binciken tsaronsa kan ɗauki lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa kamfani ya ba da sunayen mutum uku ko huɗu tun farko, a yi musu katin, a riƙa sabuntawa. Ka duba kalandarsu ma: inda hutun mako Juma'a da Asabar ne, kamfanin kuma nasa Asabar da Lahadi, kwana huɗu kacal kuke haɗuwa a ofis. Sai ka haɗa da hutun Kirsimeti nasu da lokacin Hajji ko hutun bazara naka. Kwangila ta ce kowace rana, kowace awa, ba "ranakun aiki" ba.

Idan kuɗinka bai kai a ajiye maka injiniya na dindindin ba, nemi ziyara mai jadawali duk wata uku, da ƙarin kwanaki a ajiye waɗanda za ka ciro idan ta ɓaci.

6. Kayan gyara

Kashi uku ne. Akwai masu cinyewa: tayoyi, takalman birki, takalman da ke gogar layin wuta suna ɗauko lantarki, matatun iska, man shafawa. Akwai waɗanda ake cirewa a aika gyara su dawo: allunan lantarki, injinan ƙofa, kwamfresa. Sai manya da ba kasafai suke mutuwa ba amma idan sun mutu sai an yi watanni ana jira, irin injin jan tarago da akwatin giya.

Na farkon lissafi ne kawai, ka duba abin da ka ci bara. Sai dai inda ake zafi da ƙura, kada ka bi adadin da littafi ya faɗa ido rufe. Matatar na'urar sanyi da aka ce ta yi wata uku, na ga ta toshe cikin makonni bayan guguwar yashi, ramin da ƙofa ke zamewa a ciki kuma ya cika da rairayi.

Na biyun ne ke kashe mutum. Ka sa a rubuta kwana nawa allo zai yi daga ranar da ya bar sitonka zuwa ranar da ya dawo, wa ke biyan jigila, wa ke fama da kwastan. Kaya da ya fita gyara ya dawo, idan ba a yi takardun fitarsa daidai ba, sai a caje ka haraji kamar sabo. Mafi sauƙi shi ne tsarin musanya: su aiko maka mai kyau nan take, kai ka aika musu mataccen daga baya.

Wani gargaɗi daga sito. Mun taɓa ɗauko allo sabo fil a ledarsa, ya shekara biyar a kan kanta, muka sa, jirgi ya ƙi karɓarsa. Manhajar da ke kansa tsohuwa ce, an sabunta ta taragai sau biyu ba a tuna da na sito ba. Yanzu ina sa sharaɗi: duk sabuntawar da aka yi wa jirgi, a yi wa kayan ajiya a mako guda, kuma sau ɗaya a shekara a gwada kowane allo a jikin tarago.

Idan naka na igiya ne, ka ƙara binciken igiyar da na'urar maganaɗisu da ke gano wayoyin da suka tsinke a ciki, da kuma masu saƙa mahaɗin igiya, domin ƙwararru ne ƙalilan kuma sai an kama layi.

7. Kayan da aka daina ƙerawa

Tarago na iya yin shekara ashirin zuwa talatin, amma kayan lantarkin cikinsa ba sa kai rabin haka kafin masu yin su su daina. Dole kwangila ta tilasta wa kamfani ya riƙa ba ka rahoto duk shekara: ga abin da aka daina, ga abin da ake shirin dainawa, ga madadin, ga damar saye na ƙarshe. Ka nemi sanarwar aƙalla shekara guda.

Wanda ke ganin wannan ɓata takarda ne ya dubi Kuala Lumpur. Jirgin filinsu ya fara aiki a 1998, aka dakatar da shi a Maris 2023 bayan ya yi ta lalacewa, fasinja suka koma hawa bas tsakanin gine-ginen har zuwa Yulin 2025 da sabon ya fara. A filin O'Hare na Chicago ma, da aka tashi sauya jiragen da faɗaɗa layin, an rufe layin daga Janairun 2019 zuwa Nuwamban 2021. Sauya irin wannan tsari aikin shekaru ne. Rahoton nan na shekara-shekara shi zai nuna maka lokacin da za ka fara neman kasafin.

8. Manhaja da makullanta

Lauyoyi kan tsallake wannan shafi saboda ba su gane shi ba, injiniyoyi kuma su tsallake saboda sun ɗauka na lauyoyi ne. Kai ka zauna a kansa.

Ka tabbatar kwamfutar hannu da ake binciken matsala da ita taka ce, kuma lasisin manhajar cikinta bai mutuwa ranar da kwangila ta ƙare. Na ga inda sabunta kwangila ya yi jinkirin makonni saboda sa hannu, makaniki ya buɗe kwamfuta da dare ta ce masa lasisi ya ƙare. Ka nemi kwafin duk manhajar da ke aiki da saitunanta, a ajiye wuri biyu. Ba za su ba ka asalin rubutun manhajar ba, kada ka ɓata bakinka. Abin da za ka iya samu shi ne ajiyar amana: a damƙa shi ga wani amintacce na uku, wanda zai sakar maka idan kamfanin ya rushe ko ya daina tallafa wa samfurin.

Shiga daga nesa ta intanet yana da amfani ƙwarai, amma makullin ya zauna a hannunka. Kai ke buɗewa idan an buƙata, kai ke rufewa, kuma a rubuta wanda ya shiga da abin da ya taɓa. Babu wanda zai sauya komai a manhajar sigina jirgi na ɗauke da mutane. Duk sauyi sai da takardar da ke nuna an tantance lafiyarsa, a gwada shi da dare ba fasinja, kuma a tanadi hanyar komawa tsohuwar idan sabuwar ta ƙi.

9. Horarwa

Kada ka karɓi "za a horar da ma'aikata". Mutum nawa, kwana nawa, a kan me, sau nawa a shekara, da wane harshe. Ka nemi a horar da biyu ko uku daga cikin naka har su iya horar da wasu, domin ma'aikata na tafiya. A haɗa da atisayen fitar da fasinja daga taragon da ya maƙale, da tuƙa jirgi da hannu zuwa tasha, tare da 'yan kwana-kwana. Akwai filayen da wannan ba wasa ba ne: a Denver da ke Amurka, cikin gine-gine uku da ake hawa jirgin sama, na farko ne kaɗai ke da gada, sauran biyun ba a isa gare su da ƙafa, sai ta jirgin. Idan naka haka yake, shirin bas na gaggawa ma ya shiga atisayen.

10. Kuɗi, tara da tukuici

Raba farashi gida uku: kuɗin wata-wata tsayayye, jadawalin farashin kaya da na awannin injiniya, sai manyan ayyuka kamar garambawul na tsakiyar rayuwar tarago, waɗanda za a yi musu farashi daban. Ka san da wane kuɗi za ka biya. Idan kana samun kuɗin shiga da kuɗin gida kana biya da Dala ko Yuro, faɗuwar kuɗinka kai za ta ci. Ƙarin farashi na shekara kuma a ɗaure shi da ma'aunin hauhawar farashi da hukuma ke wallafawa, a ambaci sunansa.

Wani shugabana ya taɓa tura mini takarda ya ce in zaftare kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin kwangilar. Na ce, "Yallaɓai, zaftarewa mai sauƙi ce, amma ka zaɓa mini: kiran dare za a cire ko kayan musanya?" Ya yi shiru, ya ce in bar masa takardar. Haka za ka riƙa yi. Kada ka yi gardamar jimilla, ka nuna abin da zai fita. Araha ba ta ado.

Tara ta zama mai ciwo amma ba mai kisa ba. Kamfani zai nemi a sa mata rufi, wato iyakar da ba za ta wuce ba, kuma wannan daidai ne, sai dai ka ƙara cewa idan an kai rufin wata uku a jere, dole su kawo shirin gyara a rubuce, kai kuma ka samu damar soke kwangila. Ni ina sa ɗan tukuici idan sun wuce ma'auni. Na lura manajan da ke da abin samu ya fi saurin ɗaga waya fiye da wanda tara kawai yake gudu.

11. Bayan sa hannu

Taro duk wata, da ajanda guda: tsayawar da aka yi, dalilin kowace, kayan da ke waje, alkawuran da ba a cika ba. Kada ka yarda da rahoton da ya ce "an sake kunnawa, ya tashi". Wannan ba dalili ba ne. Matsalar da ta dawo sau uku, a buɗe mata bincike na musamman. Kuma duk abin da aka amince a waya, ka bi shi da rubutu kafin ka kwanta.

12. Ƙofar fita

Tun ranar shiga ake rubuta ta. Ka sa wa kanka damar tsawaita kwangila da wata shida zuwa shekara a kan tsohon farashi, don kada wa'adi ya cim maka kana tsakiyar ciniki. Ka fara maganar sabuntawa saura wata 18. A lissafa abin da za a miƙa maka in an rabu: tarihin gyaran kowane tarago a tsarin da kwamfutarka za ta iya buɗewa, littattafai bugu na ƙarshe, kayan aiki na musamman, kalmomin sirri, da kayan sito da ka biya.

Kada ka saki kuɗin ƙarshe sai an yi zagayen miƙawa. Mu da dare muke yi, bayan an kashe wutar layi an sa mata kwaɗo, kowa da tocilarsa, mutuminsu da namu, mu bi hanya daga wannan tasha zuwa waccan muna rubuta abin da muka gani. Washegari a ɗauko kwafin manhajar da suka ba ka, a loda shi a kan allon ajiya, a sa a tarago, a ga ya tashi. Sannan a ƙirga makullan akwatuna ɗaya bayan ɗaya, har da na ɗan akwatin nan na ƙarƙashin dandamali.